Alƙalamin Harisu Mai Caji

A kasuwar Korgom babu wanda bai san rumfar Harisu mai caji ba. Farantin sola biyu a kan rufi, salula kusan arba'in jere a tebur, kowace ya rubuta mata lamba a baya da wani alƙalami mai baƙar tawada don kada a yi musaya. Shi da bakinsa yake cewa a da yana ganin duk yankin Tasawa babu mai wayonsa, kuma in ya faɗi haka sai ya yi wa kansa dariya.

Caji kaɗai ba ya riƙe gida, don haka ya haɗa da turi: waƙa, wa'azi, wasan kwaikwayo, duk abin da mutum ke so a zuba masa a waya. Amma abin da ya fi tafiya wata murya ce ta wani da ya kira kansa babban likita, yana rantsuwa cewa allurar rigakafi na kashe haihuwa. A ƙarshen muryar kuma sai ya ambaci wani magani na kwalba mai wanke allurar daga jini. Ranar kasuwa ga wani mutum mai suna Maman Sani da kwalaben a bayan moto, wato babur, shi ne ma ya fara kawo wa Harisu muryar, kyauta. Harisu bai taɓa tambayar kansa dalilin kyautar ba.

Bai yarda da maganar ba ko kaɗan. Ya yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, ai. Yana tura wa mutane yana ce musu ƙauyawa a zuci. In an tambaye shi ko gaskiya ce, sai ya ɗaga kafaɗa: "Ni dai turi nike, ba ni na faɗa ba."

Da masu allurar ƙyanda suka zo gari, ya ce wa matarsa Samira ta kai 'yarsu Maryamu, mai shekara uku. Masu allura na shafa tawada a ƙaramin yatsan yaron da aka yi wa. Da ya dawo ya kama hannun yarinyar, ya ga baƙi a farce, ya ji daɗi. Har ya yi ɗan cigiyar alƙalaminsa a ranar, ya zargi makwabtan rumfa.

Wata biyu bayan haka zazzaɓi ya kama Maryamu, ƙuraje suka feso, idanu suka yi ja suka manne. Tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa ji ba. A gidan likita, majo mai duba marasa lafiya ya tambaya ko an yi mata allura. Harisu ya buga ƙirji ya ce an yi, da idonsa ya ga tawada.

Samira ta sunkuyar da kai. "Malam, ba a yi ba. Ni na shafa mata da alƙalaminka."

"Don mi?"

"Matan unguwa sunka sa mani muryar likitan nan. Na ce ina kunka samo ta, sunka ce rumfarka. Na ce in ƙarya ce, ai ba ka saida ta."

Harisu ya tuna da "ni dai turi nike" ɗinsa, ya juya ya dubi Maryamu a kan gado.

Maryamu ta tashi bayan kwana tara, amma idon hagu ya yi fari, majo ya ce ba zai dawo ba. Maman Sani ya sake moto a wannan kakar, har ya tsaya a rumfa ya yi jaje, ya ce da an ba ta kwalba ɗaya da abin bai kai haka ba.

Harisu ya goge muryar, ko da yake tana cikin wayoyin da ba zai iya ƙirgawa ba. Yanzu in yana ba da labarin yakan ce shi ne ɗan kasuwar da ya sayar wa gidansa kaya bai sani ba, mutane su yi dariya, shi ma ya yi. Sai dai in Maryamu ta zo rumfa yana miƙa mata ƙosai, yakan zagayo ta hannun dama, don ta nan take ganinsa.