Wadda Ta Ji Ta Yarda

Shekara talatin da ɗaya ke nan Sakatariya tana zaune a bakin tebur guda, a ofishin lauya da ke saman wani kantin magani. Ta fara da tafireta a hannun tsohon lauya, da ya rasu ta ci gaba da kwamfuta a hannun ɗansa, wanda ta sani tun yana zuwa ofis da majina yana yamutsa mata takardu. In da baƙi, Barista take ce masa kamar kowa. In babu kowa kuwa, "ɗan nan" ne, kuma ba ya musu.

Ba ta yi karatun lauya ba, amma kada ka kuskura ka raina ta. Wasiƙar gargaɗi kan ɓata suna, ko daga barci ka tashe ta za ta buga maka ita ba gyara: ka ce kaza ranar kaza a gaban mutane, ka janye ko mu haɗu a kotu. Ta buga wa 'yan kasuwa, ta buga wa malaman makaranta, har da wani mai aski da aka ce rezarsa na sa ƙuraje. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi da ya auri sakatariyar lauya ko tsaki ba ya iya yi wa maƙwabci, sai an tambaye shi ina shaidunsa.

To, bana sai doka ta sake. Barista ya je taron lauyoyi na kwana biyu, ya dawo da jaka cike da takardu, fuska a murtuke.

"Anti, tsohuwar wasiƙarki ta yi ritaya," in ji shi.

Ya ja kujera ya yi mata bayani dalla-dalla. A da, in ka nuna an yi maka mummunan ƙazafi a gaban jama'a, kotu kan ɗauka sunanka ya ɓaci. Yanzu kuwa sai ka nuna ɓarnar ƙiri-ƙiri: wane ne ya ji, ya yarda, har ya juya maka baya saboda maganar. Ta taɓe baki, ta ce wato sai an ga jini kafin a yarda mutum ya ji ciwo. Ta buga sabuwar takardar shaida, ta adana ta a kwamfuta.

Bayan mako biyu sai ga Mai Reno ta hawo benen tana haki. Maƙwabciyar Sakatariya ce, ƙawa ta shekara ashirin, wadda ke riƙe wa ma'aikata yaransu a falonta daga safe zuwa la'asar. Yara goma sha ɗaya gare ta a da, yanzu saura biyu. Wata uwa ce ta tura saƙon murya a zauren iyaye na waya, wai Mai Reno tana ɗura wa yara maganin barci don ta samu ta huta. Likita ya duba yarinyar matar bai ga komai ba, amma ina, magana ta riga ta zaga.

Barista yana tambaya, Sakatariya tana rubutawa.

"Mama, cikin waɗanda suka cire 'ya'yansu, akwai wanda ya ce miki saboda saƙon ne?"

"Ko ɗaya, Barista. Kowa da hanzarinsa. Wannan ta ce gidana ya yi musu nisa, wancan ya ce kakar yaron ta zo zama. Har godiya suke yi min."

"To, nan ne matsalar. In babu mutum ɗaya da zai sa hannu ya ce na ji, na yarda, na cire ɗana, ƙarar nan tun a bakin ƙofa za ta mutu."

Mai Reno ta ce, "Wato in bi gida-gida ina roƙon mutane su ce sun ɗauke ni muguwa?"

"Kusan haka ne, Mama. Ki yi haƙuri."

Biron Sakatariya ya tsaya cak. Cikin yara taran nan akwai jikarta, 'yar shekara biyu. Ita da kanta ta saurari saƙon sau uku, ta tuna wata rana da aka dawo da yarinyar tana ta gyangyaɗi, ta kira 'yarta ta ce a cire ta. Kuma ita ce ta taka har falon Mai Reno ta shirya ƙaryar, wai uwar ta samu hutu a wurin aiki. Mai Reno ta yarda, ta wanke kofin yarinyar ta sa mata a leda. Kunya ta lulluɓe Sakatariya, amma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu.

Mako guda Mai Reno ta yi tana bin iyaye. Kowa ya ce haba, ai shi bai taɓa yarda da wannan shirme ba. Mutane ke nan, sun kashe mata sana'a, kuma ba wanda yake so a ce da hannunsa. Ranar Alhamis da hantsi ta dawo ofis, Barista yana kotu. Ta zauna gaban teburin ƙawarta, ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Yaya, ki ce masa a bar maganar kawai, na haƙura. Ni abin da ke sanyaya min rai, ke dai ba ki taɓa zargina ba."

Sakatariya ta ji maganar har cikin ƙashinta. Da ta ce "Allah ya kyauta" ta yi shiru, da shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani, ƙawance ya ci gaba yadda yake, falon Mai Reno kuma ya zauna wayam da sunan nan a kanta. Ta juya ga kwamfuta, ta buɗe takardar shaida, ta sa sunanta a layin farko. Ba ta yi wa kanta kwaskwarima ba, ta buga ranar da ta ji, da abin da ta yarda da shi, da ƙaryar hutun. Injin ya turo takardar da ɗuminta, ta miƙa mata.

"Karanta kafin ɗan nan ya dawo."

Mai Reno ta bi layukan da yatsa a hankali. Da ta kai ƙarshe ta sake komawa sama.

"Har da ke, Yaya?"

"Har da ni. Na ji tsoro, na zarge ki, kuma na yi miki ƙarya. Ki yafe min in za ki iya."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta mayar da takalminta, ta ajiye takardar a kan tebur, ta tura mata biro.

"To, sa hannu."

Sakatariya ta sa. Ƙarar ta shiga, kotu ta sa ranar zama. Har yau suna gaisawa kullum safe, a tambayi gida, a tambayi jikoki, sai dai daga bakin ƙofa. Mai Reno ba ta sake ce mata ta shigo ba.