Kujerar Gaba a Motar Baba Kailu

Kailu ya kama sitiyari tun zamanin mulkin soja na farko, ya yi shekara talatin yana jigilar gero da ƴan kasuwa tsakanin Filinge da Abala. Mutum ne mai gano ciwon inji da kunne. Mota ta wuce yana shan shayi, sai ya ce bawul ɗinta ne, kuma shi ne ɗin.

Shekarar da ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, wasu masu bindiga a kan babura suka tare shi da rana tsaka, suka kwantar da kowa a rairayi, suka kwashe kaya. Ba a kashe kowa ba. Amma daga ranar, Kailu na sa makulli sai ƙafarsa ta ɗauki rawa. Mai motar, Alhaji Manzo, ya yi masa haƙurin kasuwa shida, daga nan makulli zai koma hannun wani.

Matarsa Kubura ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, inda aka kawo wata sabuwar lokotoro, wato likita, daga Yamai, Habsa, wadda aka ce maganinta magana ce. Kailu ya ce in magana magani ce, da tuni ƴan tasha sun daina mutuwa.

An koya wa Habsa ta zauna shiru, ta bar mara lafiya ya yi ta zuba, kada ta ce uffan a kan kanta. Kailu ya ga wannan rashin tarbiyya ne. Ya tambaye ta gida da iyaye da gajiyar hanya, ta mayar masa da tambayar abin da ya sa yake son sani. Ya koma gida ya gaya wa Kubura yarinyar nan ba ta da lafiya.

A zama na biyu ya ce shi bai iya hira ido cikin ido ba, direba gaba yake kallo. Ya ja kujerarsa ya jera da tata, suka fuskanci bango. A haka bakinsa ya buɗe: rairayin mai zafi, ƙamshin fetur, da kunyar da ya ji an kwantar da shi gaban fasinjojinsa. Wannan kunyar bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi kansa sai da ya ji ta a bakinsa ya san tana nan.

Kunnensa kuwa bai daina aiki ba. Ya lura duk sanda iska ta buga ƙofar kwano, alƙalaminta yakan tsaya, numfashinta ya sauya.

"Ɗiyata, injinki ma yana ƙara. Mi ya same ki?"

"Baba, ba a kaina muke magana ba."

"To ni ba na ɗaukar fasinja ban san inda za shi sauka ba."

Ta yi dariya, sannan ta karya dokar malamanta. Ranar da sojoji suka sake karɓar mulki tana ɗaliba a Yamai, harbin ya rutsa da ita a titi, ta yi awa uku ƙarƙashin teburin mai tuwo. Tun da ta zo Filinge ake ce mata ta je sansanin ƴan gudun hijira na Abala, tana ta kawo dalili. Kailu ya ce ai ta fi shi, ita ko inuwa ta samu.

Ranar kasuwa ta shida ya zo tasha da niyyar miƙa makulli. Sai ya tarar da Habsa a kujerar gaba da jakarta a cinya, ta ce Abala za ta, kuma ba ta yarda da tuƙin kowa ba sai nasa. A shekara talatin Kailu bai taɓa sauke fasinja ya ce ba za shi ba. Ya hau, ƙafa na rawa, mota ta tashi.

Da suka kusa kwarin da aka tare shi, ya rage gudu. Ya saci kallonta, ta ƙanƙame jaka.

"Lokotoro, mi littafinku ya ce a nan?"

"Littafin bai kawo nan ba, Baba."

Ya ce to su ƙarasa masa, ya sa giya ta uku.

Ya ƙara shekara huɗu a hanyar kafin idonsa ya gaza. Ita kuwa har yau kujerun ɗakinta a jere suke, suna kallon bango.