Ranar da na kai Inna zaɓe

Tun da aka fara kamfe, Inna ba ta da zance sai na ƴan siyasa. Sun zo ƙauyenmu kusa da Cadawa, sun yi alkawarin gyara fanfo, har yau mata da guga suke jan ruwa. Ni har na yanke ba zan yi zaɓen ba.

Ran zaɓe da hantsi sai ga ta da sabon zane, wai in tada moto, babur ɗina, in kai ta lakol, makarantar da ake zaɓen.

"Inna, ba ke kika ce duk maƙaryata ne ba?"

"Maƙaryata ne mana. Tashi mu je, rana na yi."

Tunda na riga na zo, ni ma na bi layi. Da layi ya zo kaina na shiga bayan labule, na tsaya ina kallon hotunan ƴan takara, na rasa wanda zan dangwala wa, har mai tsaron akwati ya yi gyaran murya. Na dangwala dai na fito.

A hanya na tambaye ta wa ta zaɓa. Ta ce wanda ta ƙi wancan karon. Na ce ya fi ne? Ta ce ita ma ba ta sani ba, in dai kula da yashi kada mu faɗi.