Sel na Ƙanƙara

Shekarar da yayana ya tafi karatu Jojiya, ni ce mai riƙe wa Umma waya in ya turo bidiyo, don ba ta son tabarau. Wata Asabar muna tsince shinkafa a falonmu na unguwar Nuzla a Jidda, ya turo. Ga shi a gindin wani farin dutse, hancinsa ja, yana ihu da Larabci cewa yau shi da abokansa za su bar hanyar da aka kafa wa tutoci, su hau ta bayan dutsen inda babu sawun kowa. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a kan tsohuwar da ta daskare, in ji shi. Ya taka, ƙasa ta yi “wuf”, suka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Bayan kafaɗarsa na ga wani siririn tsagi ya ratsa farin, kamar faranti ya fara tsagewa. Na koma ɗaki na bincika a intanet da Larabci. Ga abin da na karanta. Wannan ƙarar da wannan tsagin alama ce sabon saman bai kama na ƙasa ba, yana iya sulɓewa gaba ɗaya da mutum.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Hausata ta cefane ce da gaisuwa, ba ni da sunan wannan abu. Na ce, “Umma, dusar nan tana iya faɗo masa.”

Ta ce, “To ta faɗo mana. Dusa ce fa. Kakarki ta sha ɗaukar buhunta a ka. In ta zubo masa ya kakkaɓe.”

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. A raina ina ganin yayana yana ɗaure takalmi.

Can na ce, a hankali, “Sel ne, Umma. Sel na ƙanƙara.”

Sel shi ne ambaliyar da ke gangarowa Jidda daga duwatsu. Umma ta taɓa ganin ta tafi da motoci. Tiren ya karkace a cinyarta, shinkafa ta zube.

“Kira shi. Yalla, maza!”

Wayar ta yi ta ringin babu amsa. Na sake kira. Da ya ɗauka, iska ce ta fara shigowa kafin muryarsa.

Umma ta ce, “Ka hau?”

“Muna ƙasa tukuna, Umma, shayi muke…”

“Halas, magana ta ƙare. In ka taka bayan dutsen nan ban yafe ba.”

“Wa ya tsorata ki? Wannan ’yar shiru-shirun ce ko? Ke, likitar ƙanƙara!”

Umma ta ƙi kashe wayar sai da ya juya kyamara, muka ga ƙofar motar haya ta rufe, yana ciki yana gunaguni.