Wayar Hauwa a Hannun Malam Ndagi

Duk wanda ya san marigayi Malam Ndagi ya san ba don gaisuwa kaɗai yake miƙo hannu ba. Za ka yi masa sallama, ya amsa rabi, idonsa na kan aljihunka, sai ka ji ya ce, "Kawo in gani." Wayarka yake nufi. Na ga dattawa masu furfura da jikoki suna tsayawa a bakin layinmu, su cire waya su cusa cikin hula, sannan su wuce rumfar ƙofar gidansa suna tafiya a miƙe kamar masu tallar ƙwai. Wani tsohon ɗalibinmu da ya zama soja ya taɓa gaya mini cewa ya shiga daji gabansa bai faɗi ba, amma in ya hango Malam a kan benci, kwamfuta a cinya, igiyar caji tana lilo, sai ya sake hanya.

Sakandare ɗaya muka koyar nan Minna har muka yi ritaya, shi fasaha, ni adabi. Shi Banufe ne, iyayensa daga Bida. Ni kuwa kakana Bakatsine ne da jirgin ƙasa ya kawo ya manta da shi a nan. Kun san wasan da ke tsakanin Banufe da Bakatsine, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa haƙƙina ne, gadonsa na yi.

Ga waɗanda Allah ya tsare, bari in yi bayani. Kowace wayar Android tana zuwa da manhajar da kamfani ya zuba mata, wadda ke tafiyar da komai a ciki. Mai hankali yakan bar ta yadda ya same ta. Malam Ndagi kuwa sai ya jona ta da kwamfuta, ya fasa kwaɗon da kamfani ya sa, ya share komai tas, hotuna da lambobi da duk abin da ka tara, ya zuba wata manhajar da wasu masu ƙwazo suka haɗa a wata ƙasa suka sa a intanet. Masu gyaran waya filashin suke ce wa wannan aiki. Shi 'yantarwa yake ce masa.

"Bakatsine, wayar nan taka ce?" ya tambaye ni wata rana.

"Ni dai na saya."

"To goge wasan tseren motar nan da ke ciki."

Na danna, na danna, ya ƙi goguwa.

"Ka gani? Gidan da ba ka isa ka kori baƙo ba, haya kake yi."

"Hayar nake yi," na ce, "amma rufin ba ya yoyo. In ta lalace, akwai wanda zan riƙe. Taka fa?"

"Tawa in ta lalace, ni zan riƙe kaina."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ba zan ci amanar mamaci ba. Wani lokaci aikin yana kyau ƙwarai. Tsofaffin wayoyin da kamfani ya daina kulawa da su, waɗanda ba sa buɗe komai sai ka yi alwala ka dawo, na ga ya tashe su suna gudu kamar sababbi, batir yana kwana yana wuni. Matsalar ita ce ba wanda ya san rabonsa. Wani zai karɓi tasa garau. Wani manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa har abada. Wani kuwa tasa ta tsaya a kan tambarin kamfani, tana mutuwa tana kunnuwa kamar mai farfaɗiya, Malam yana shafa gemu yana cewa, "Tana tunani ne."

Mutane sun ɗauka ƙaiƙayin hannu ne irin na malaman fasaha. Ni da na zauna da shi na san tsoro ne. 'Ya ɗaya tal Allah ya ba shi, Hauwa, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Kuta. Ran Juma'a ta zo gida, ran Litinin ta koma. Tun da hanyoyinmu suka lalace, aka fara tare motoci ana shiga daji da mutane, Malam bai ƙara samun Litinin mai daɗi ba. Ya karanta wani wuri cewa waya tana faɗin inda mai ita yake, sai ya ƙulla a ransa cewa manhajar kamfani magulmaciya ce, kuma gulma ba ta zaɓen kunne. Duk wayoyin unguwa da ya yi ta ɓarkewa gwaji ne kawai. Wayar Hauwa yake hari.

Hauwa kuwa ta san ubanta. Da wayar take shiga wanka.

Kuma tana da hujja. A wani azumi, Malam ya zuba wa tasa wayar sabuwar manhaja, ya toshe duk ƙofar da za ta san inda take. Wayar kuwa da ta rasa gari, sai ta ɗauki garin wanda ya haɗa ta, can Indiya. Ana tsakiyar zafin nan na Minna, bayan azahar, Malam ya rufe tagogi yana ƙailula, wayar ta rangaɗa kiran magariba. Matarsa Hajiya Salamatu ta leƙo ta same shi zaune a bakin gado, dabino a hannu, ya gama addu'ar buɗa baki.

"Malam, wace ƙasa kake?"

Ya ɗaga labule, rana ta soke masa ido. Ya ajiye dabinon a hankali.

"Wayar ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Magariba ta yi. Wurin ne kawai ba nan ba."

Amma ɓarawo ya fi mai kaya haƙuri. Wata Lahadi Hauwa ta shiga maƙwabta kitso, ta bar wayar a caji. Kafin a gama mata gefe ɗaya, Malam ya gama nasa aikin. Ina rumfar lokacin da ta fito riƙe da wayar.

"Baba, ina hotunana? Ina lambobina?"

"Na kori 'yan leƙen asiri. Lambata tana ciki, ita kaɗai kike buƙata a hanya."

"Baba Garba, kana zaune ya yi mini wannan?"

"'Yata," na ce, "ni ma tawa tana cikin safa."

Malam ya shiga nuna mata: ga intanet, ga kyamara, ga fitila, dubi yadda take gudu. Ya gwada komai kamar mai duba jarrabawa. Abu ɗaya ne bai gwada ba, kira. Da na yi maganar, sai ya harare ni ta saman tabarau.

"Kira? Ko wayar Bakatsine ta iya kira."

Da safe ta shiga mota ta tafi tana fushi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Hantsi ya ɗaga muna rumfa, sai ga wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure ya dawo a kan babur, ba lokacin dawowarsa ba. Bai kashe injin ba ya ce motocin Kuta ba su iso ba tun safe, ana cewa an ji harbi a hanya. Ya ce wasu sun ce an tare, wasu sun ce ba a tare ba. Sannan ya tuna gidan wa yake tsaye, ya yi shiru.

Malam ya kira Hauwa, ya buɗe lasifika. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, aka ɗauka.

"Hauwa?"

Shiru.

"Hauwa, kina ina?"

Shiru. Ba numfashi, ba ƙarar mota, ba komai. Aka kashe. Ya sake kira, aka sake ɗauka nan take, aka sake yin shiru.

Ku da kuke garin nan kun san abin da wannan yake nufi a zamaninmu. Wayar da ba ta shiga tana barin mutum da fata. Wayar da aka ɗauka aka ƙi magana, wani ne yake riƙe da ita, yana sauraro, yana auna ka. Hajiya ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta dafa bango.

Malam ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa kamar wanda zai shiga gaban alƙali. Mutumin da bai taɓa rusuna wa shugaban makaranta ba, ya riƙe waya da hannu biyu.

"Ranku ya daɗe," ya ce, "ni ne ubanta. Na san kuna ji na. Ba sai kun yi magana ba. Yarinyar nan ba ta da amfani a gare ku. Tana da gyambon ciki, ba ta cin yaji, in ta wuni ba ta ci ba sai ta faɗi. Ƙafarta ta hagu ta taɓa karyewa tana ƙarama, ba za ta iya tafiyar daji ba. Bakinta yana da kaifi, amma wallahi ba raini ba ne, gado ne, ni ta ɗauko. In ta faɗi wata magana, ku rubuta a kaina. Ku faɗi wurin da zan zo. Ni tsoho ne amma ina da hannu. Ina gyara babur, ina gyara janareto, ina gyara rediyo, ina gyara waya."

Allah ya yafe mini, ko a wannan hali sai da zuciyata ta ce, in ya taɓa musu waya, daga shi har ita ba mai dawowa.

"Ita kaɗai gare ni," ya ci gaba. "Da safe ta fita tana fushi da ni. Ku bari in ji muryarta, ko zagi ne."

Daga nan Hausa ta ƙare masa, ya koma Nufanci, abin da ban taɓa jin ya yi a gaban mutane ba. Ban fahimci komai ba sai sunan Allah da sunan Hauwa. Aka kashe wayar yana tsakiyar magana.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Mutane suka taru. Sai wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Malam ya dube ta, ya kasa dannawa. Ya miƙo mini.

"Bakatsine, kai ka iya magana."

Na ɗauka, na yi sallama da wata murya da ban san tawa ce ba.

"Baba Garba? Ni ce. Ba ni tsohon nan."

Hajiya ta zame ta zauna a ƙasa.

Ashe direbobi ne suka ji ƙishin-ƙishin, suka tsaya a wani ƙauye suna jiran hanya ta washe. Ba wanda ya tare su. Hauwa tana zaune a gindin mangwaro, ita ce take ɗaukar kiran. Tana jin ubanta rau, shi ne ba ya jin ta. Sabuwar manhajar ta iya komai, sai dai ba ta san da makirufon wayar ba. Ta yi ta ihun "Baba, ni ce" har fasinjoji suka kewaye ta, amma kowa yana manne da tasa wayar yana kwantar da hankalin nasa mutanen, sai da ƙyar direba ya ara mata tasa.

"Kuma na turo maka saƙo kan saƙo," in ji ta.

Malam ya yi tari. "Na cire manhajar saƙo. Talla suke turo mini."

"Baba."

"Na'am."

"Ashe ka san ba na cin yaji? Kuma kullum kai ne mai ce wa Inna ta ƙara barkono?"

A muryarta ba a rabe kuka da dariya.  Malam ya nemi benci a bayansa, bai same shi ba, ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa.

"Makirufo ne," ya ce wa taron da ke kallonsa. "Ƙaramin abu ne."

Ran Juma'a da ta dawo, bai jira ta ajiye jaka ba. Da hannunsa ya mayar wa wayar da manhajar kamfani, har da wasan tseren mota. Ya tura Hauwa bakin rijiya, shi ya tsaya a zaure, ya kira ta. Ya tura ta bakin titi, ya sake kira. Na ce to, Banufe ya tuba ke nan? Ya ce manhajar ba ta da laifi, wayar ce ba ta shirya wa 'yanci ba. Tasa kuwa bai taɓa mayarwa ba, ta ci gaba da zamanta a Indiya.

Amma daga ranar ya sami sabon aiki. Kowace safiya sai ya kira Kuta, in an ɗauka ba ya ko sallama, sai ya ce, "Yi magana." Ta ce, "Ina kwana, Baba." Ya ce, "To," ya kashe.

A wurin zaman makoki Hauwa ta gaya mini cewa da ciwo ya kwantar da shi, ta ɗauki hutu ta dawo Minna, tana zaune a gefen gadonsa, hannunsa cikin nata. Idonsa ya riga ya daina gani sosai. In ɗakin ya yi tsit, sai ya juyo da kai ya ce, "Yi magana." Ita kuwa ta yi ta ba shi labarin asibiti, da na hanya, da na kowa, har ya yi barci.

Allah ya jiƙan Malam Ndagi, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Ya ba shi ikon amsa tambaya, ya cire masa tsoro a inda ya tafi. Ya amintar da hanyoyinmu, ya mayar da ɗan kowa gida lafiya. Amin.