Hannuna a Bakin Rijiya

Shekarar da aka zo tantance ma'aikatan ƙaramar hukumarmu, na'ura ta ƙi karɓar yatsana, aka cire sunana daga cikin masu albashi.

Ni lebura ne a sashen ayyuka. Rijiya nake haƙawa. In babu aikin rijiya a tura ni kwalbati ko gyaran rumfunan kasuwa. Ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne diga, shebur, igiya da siminti. Sau biyu rijiya tana ruftawa da ni. A ta biyun, garin jawo ni, igiya ta tafi da rabin ƙaramin yatsana na dama. Na ɗaure da tsumma, bayan sati uku na koma ciki.

Ranar tantancewa muka yi layi a sakatariya tun da safe. Baƙi ne suka zo da wani ɗan akwati mai gilashi da ake ɗora yatsa a kai. An ce ana neman ma'aikatan bogi, masu suna a takarda amma babu mutum. Ban ga laifin hakan ba. Da layi ya zo kaina na ɗora babban yatsa, na'ura ba ta ce komai ba. Na ɗora na hagu, haka. Mai na'urar ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya tafin hannuna ya duba.

"Baba, ai babu zane ko ɗaya. Sumul kamar bayan ƙwarya."

Na ce, "Siminti ya cinye."

Ya ce in shafa man kaɗanya kwana uku in dawo. Na shafa, na dawo, ta sake ƙi. Ƙarshen wata kowa ya ga albashinsa ban da ni. Masinja ne ya gaya mini cewa sunana yana cikin na bogi.

Ban yi gardama da kowa ba. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana shiga rami, aka ce masa babu shi, ban ga abin da zai tsaya yana faɗa ba. Saura mini shekara uku in yi ritaya, kuma na san in suna ya fita, fansho ya fita. Na gaya wa mai ɗakina a taƙaice. Washegari na hau mota zuwa Aliero, na shiga cikin masu ɗaukar buhun albasa.

Akwai wani mutum a ofishin ma'aikata, akawu ne, ɗan wajen Maiyama. Na girme shi nesa. Siriri ne, rigunansa ba su fi uku ba, babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa shi. Duk lokacin da aka manna takarda a allon sanarwa, ko kasafin kuɗin shekara ne, ko jerin ayyuka, ko canjin wurin aiki, sai ya fito gindin dogon yaro ya tara mu, leburori da masu gadi da masu shara, ya karanta mana da Hausa. Abokan aikinsa rediyo suke ce masa. Bai damu ba. A bakinsa na fara jin cewa rijiyar da zan haƙa ana rubuta ta tun kafin shekara ta kama. Yakan ce, "An sa rijiya a ƙauye kaza, an sa kwalbati a hanya kaza. In damina ta wuce ba ku gani ba, ku tambaya, naku ne."

Ashe bayan tafiyata an manna wata takarda. An ba duk wanda na'ura ta ƙi sati biyu ya kawo shaida gaban kwamiti. Ya karanta ta a gindin bishiyar, ya duba bai gan ni ba. Ya aika gidana, aka ce ina Aliero. Saura kwana biyu a rufe, ina tafe da buhu a ka, na ji an ce, "Baba, aje kayan ga."

Na sauke. Shi ne, fuska duk ƙura, yana riƙe da babur.

"Mi ya hana ka zuwa?"

"An ce ni bogi ne. Bogi ba ya zuwa ofis."

"To bogi ya hau babur. Amma shi za ya tura."

Na tura, muka hau. A hanya ya tambaye ni takardar ɗaukar aiki. Na ce ruwa ya ci ta shekarar da ɗakina ya faɗi. Ya ce ta ofis tana nan, amma takarda ba za ta isa ba, don su ma na bogin takarda gare su. Abin da kwamiti ke so shi ne a nuna mutum da aikinsa. Ya ce, "Mi kake da shi da za ya nuna kai ka yi rijiyoyin nan?"

Na ce, "Hannuna na kai."

Ya tsayar da babur ya waiwayo. Na yi masa bayani. Wanda ya koya mini haƙa yana da doka. In an gama rijiya aka ɗaure bakinta da siminti, kafin ya bushe wanda ya sauka ƙasa zai danna tafin hannunsa na dama a gefe. Ba don ado ba. In rijiya ta rufta ko ta ƙafe da wuri, a san wanda za a nema. Ban taɓa barin rijiya ba tare da na yi hakan ba.

Ya juya kan babur, na sake turawa.

Ta farko da muka je tana wani ƙauye gaba da Gumbin Kure. La'asar ta yi, mata sun cika bakin rijiyar. Na zagaya gabas, na share laka da gefen takalmi. Hannun yana nan, yatsa huɗu da rabi. Na durƙusa na ɗora nawa a ciki, ya zauna daidai. Akawun ya ciro wayarsa ya ɗauki hoto ta sama, ya ɗauka ta gefe, ya ce in ɗago kai fuskata ta fito.

Wata tsohuwa da ke jan guga ta gane ni.

"Kai, mai rijiya, kana duniya? Mi wanga yaro yake ɗauka?"

Akawun ya ce, "Inna, cewa aka yi ma'aikacin bogi ne."

"To ashe ruwan bogi muke sha tun da aka haifi jikata. Shi ya sa tuwona ba ya kama ciki."

Matan suka kwashe da dariya. Ta ce, "Rubuta, ɗana. Ni na dama mishi fura kwana arba'in. Ci gare shi kamar gara, magana kuwa sai ka roƙa."

Ya rubuta. Mai gari ya zo ya sa hannu.

Rijiya biyar muka je a kwana biyun. Biyu daga ciki tsofaffi ne, hannun da ke kansu yatsa biyar ne cif, tun kafin igiya ta yi aikinta. Nan ma ya ɗauka. Man babur daga aljihunsa ya fito. Na miƙa masa abin da na samu a wajen albasa, ya ce in mayar kafin ransa ya ɓaci. A hanyar dawowa taya ta yi faci, muka tura tare har bakin titi.

Ranar kwamiti na sa rigar Juma'a. Mutum huɗu ne a bayan tebur. Akawun ya jera hotunan da ya wanko a Jega, da takardun masu gari. Shugaban kwamitin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in ɗora hannu a tebur. Na ɗora.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Doka yatsa a na'ura ta ce. In muka karɓi siminti yau, gobe wani ya zo muna da laka."

Akawun ya ce, "Ranka ya daɗe, takardarku cewa ta yi a kawo shaida. Ga ta. In ta zama ƙarya, a cire sunana tare da nashi. Zan rubuta hakan yanzu."

Ya kuwa rubuta a gabansu, ya sa hannu. Na san yana da 'ya'ya huɗu da tsohuwa a gida, kuma ba shi da gona. Ni ba ɗan'uwansa ba ne. Ko garinmu ba ɗaya ba.

Shugaban ya karanta, ya dube ni.

"Baba, kana da abin cewa?"

Na ce, "Kwalbatin hanyar kasuwa saura gefe ɗaya. Ruwa ya kusa."

Ya yi murmushi, ya ja takarda ya sa hannu. Aka ɗauki hotona a madadin yatsa. Da muka fito na so in yi wa akawun godiya. Na kama hannunsa na riƙe. Ya ce, "Baba, sake ni, hannunka ƙarfe ne. Litinin da safe ka zo, akwai siminti a sito."

Na je. Mun gama kwalbatin kafin ruwan farko. Wata biyu bayan nan sunana ya dawo, aka haɗa mini da abin da aka riƙe.

Shi akawun an mayar da shi wata ƙaramar hukumar daga baya. Sau ɗaya na aika masa da kwandon albasa, ya aiko da cewa ya gode amma kar in ƙara.

Na cika shekaruna uku na ajiye aiki. Yanzu ina Sabon Garin Jega, ina karɓar fansho, ina tufka igiyar guga a ƙofar gida. Gwiwa ba ta barina in sauka rami.