Malam Yahuza da Taron da Aka Ɗage Sau Biyar

Malam Yahuza ɗan mai shela ne. Mahaifinsa, Baba Almu, shi ke zagaya unguwannin Daudawa da ganga in za a yi aikin gayya ko allurar rigakafi. Bai bar wa ɗansa gonar kirki ba, amma ya bar masa murya. In Malam Yahuza ya yi sallama a ƙofar gida ɗaya, gidaje uku ne ke amsawa.

Ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar a firamare shekara goma sha biyu, sannan aka mai da shi wata sakandaren jeka-ka-dawo da jama'a suka gina da kansu a wani ƙauye kusa da Yankara. Darasin aikin gona yake koyarwa. To, da yake makarantar ba ta da lasifika, shugabanta, Alhaji Nata'ala, ya ɗora masa duk wata sanarwa: ranar komawa, ranar hutu, ranar jarrabawa. Iyayen yara da yawa ba su da babbar waya, wasu kuma inda suke zaune sai an hau tudu ake samun sabis. Saboda haka in takarda ta zo daga ofishin ilimi, Malam Yahuza ne zai hau tsohon babur ɗinsa ya bi ƙauyuka bakwai yana faɗa.

Shi bai taɓa yin ƙarya ba. Takardun ne ba sa zama wuri ɗaya. Yau a ce a koma makaranta ran tara ga wata, jibi a ce an ɗage zuwa sha shida, gata a ce ai ta farkon ce daidai. Shi kuwa duk wadda ta zo, da zuciya ɗaya yake ɗaukarta. A hankali mutane suka gano cewa duk ranar da Malam Yahuza ya ambata, ita ce ranar da babu abin da zai faru. Har wani mai shirin aurar da ɗansa ya taɓa tare shi a hanya ya ce, "Malam, yaushe za ku fara jarrabawa? So nike in sa biki ranar, tunda na san yara na gida." A gida ma, in ya ce wa matarsa Hajaratu gobe za a yi baƙi, ba ta ko wanke shinkafa.

Wata shekara aka turo fom daga ofis, ana son kowace makaranta ta rubuta sunan malamin da zai riƙa ba 'yan aji shida shawara kan karatun gaba da sakandare. Aka yi taron malamai ranar da Malam Yahuza ya fita kai sanarwa, kowa ya ce shi ya fi dacewa. Da ya dawo aka miƙa masa takarda ya karanta wa ɗalibai, sai da ya kai tsakiya ya ji bakinsa ya faɗi sunansa.

Bai taɓa shiga jami'a ba, sai dai ya wuce ta ƙofar wata a mota. Amma ya ɗauki abin da gaske. Ya samo tsohon littafin da ke ɗauke da sunayen kwasa-kwasai ya haddace. Da ya ji cewa da kwamfuta ake rubuta jarrabawar shiga jami'a, makarantar kuwa ba ta da ko ɗaya, sai ya yanka kwalayen taliya guda arba'in, ya zana haruffa da lambobi a kai, ya sa yara suna dannawa. Wanda ya danna da ƙarfi, sai Malam ya daka masa tsawa, "A hankali, kayan mutane ne!"

Daga baya ya ga cewa iyayen ma suna bukatar bayani daga bakin wanda ya sani. Ya yi ta bin hanya har ya samu wata malamar kwaleji a Katsina, Dakta Saudatu, 'yar asalin Ketare ta ƙasar Kankara, ta yarda za ta zo kyauta. Aka sa ran takwas ga wata. Malam Yahuza ya zagaya ƙauyuka bakwai ya faɗa.

Saura kwana biyu, takarda ta zo cewa an matso da hutun rabin zango, ya haɗiye ran takwas. Aka mai da taro sha biyar. Ya zagaya. Sai aka ce jarrabawar gwaji za ta fara sha huɗu. Aka mai da shi ashirin da biyu. Ya zagaya. A wannan zagayen ne, a ƙauye na biyar, ya gama shela aka kawo masa ruwa a kwano, ya kafa kai ke nan wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Nata'ala ne, yana cewa za a ari ajujuwa ran ashirin da biyu don horar da masu aikin rigakafi. Malam Yahuza ya ajiye kwanon da sauran ruwa, ya miƙe ya ce wa mutanen da ba su riga sun watse ba, "Jama'a, wanga zance da na faɗa yanzu ya tsufa." Ya koma ƙauyuka huɗun da ya baro ya warware abin da ya ƙulla da safe.

Ɗagewa ta huɗu daga wajen Dakta Saudatu ta zo, don su ma kwalejinsu ta sauya ranar jarrabawa. Ta biyar kuwa ba gaba aka yi ba, baya aka dawo da kwana uku. Malam Yahuza ya rasa kalmar da zai yi amfani da ita, ya riƙa cewa, "An ɗage taro zuwa baya."

Cikin duk iyayen, mutum ɗaya ne bai daina yarda da shi ba. Malam Gide makiyayi ne, gidansa na can bayan rafi inda babur ba ya shiga da damina, sanarwa kan iso masa bayan ta lalace. 'Yarsa Zulfa tana aji shida, tana zaune wajen gwaggonta a cikin gari, ita ce ta ɗaya a darasin Malam Yahuza. Sau uku Malam Gide yana taka sayyada tafiyar awa biyu, ya iske makaranta ba taro. A karo na uku ya zauna gindin dalbejiyar da ke gaban ofishin shugaban makaranta ya cire takalmi.

Malam Yahuza ya fito yana ba shi haƙuri. "Malam Gide, wallahi ba laifina ba ne. Ka koma gida, in ta tabbata ni da kaina zan zo."

"A'a, Malam," in ji Malam Gide. "Na gane abin. Taron nan gudu yake. In ina bin shi ba zan kama shi ba. Na bar wa ƙanena shanu, kullum zan zo nan in zauna. Duk ranar da ya biyo ta nan, ya iske ni."

Haka kuwa aka yi. Kwana tara yana zuwa da safe. Da zaman ya ishe shi sai ya matsa kusa da tagar aji yana sauraren darasi. Ranar da Malam Yahuza ya karanta daga littafi yawan watannin da saniya ke yi da ciki, ya yi tuntuɓen harshe, murya ta fito ta taga ta gyara masa. Daga ranar aka sa wa Malam Gide benci a bayan aji.

Ranar taro ta zo, ba a kuma ɗage ba. An aro kujeru ɗari da ashirin an jera, an share fili, an sayo lemo. Dakta Saudatu ta iso da hantsi, mace mai fara'a da jaka cike da takardu. Ta duba kujeru, ta ga mutum ɗaya zaune a layin gaba da sandarsa a kan cinya. Alhaji Nata'ala ya yi ta goge zufa da hula. A cikin ruɗanin ɗage-ɗagen babu wanda ya lura cewa ranar ta faɗo daidai da kasuwar Yankara.

"Ina iyayen?" in ji Dakta.

Malam Yahuza ya sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, suna kasuwa. Kuma ko ba kasuwa ba za su zo ba. Ni na faɗa musu."

"Ba ka faɗa musu ba, kake nufi?"

"Na faɗa musu. Shi ya sa."

Malam Gide ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta yi dariya har ta dafa mota, sannan ta ce, "To, mu je kasuwar."

Suka tsaya tsakanin 'yan hatsi da kara, inda ake cinikin shanu. Kusa da su wani mai maganin gargajiya ya kunna lasifika yana tallar maganin basir. Malam Yahuza ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya saki muryar gado: "Iyayen 'yan aji shida! Taro! Taro!" Tantabaru suka tashi daga rumfuna. Mai magani ya ƙara sautin lasifikarsa, ya ga ba riba, ya kashe.

Mutane suka fara matsowa. Wani ya ce, "Malam, an kuma ɗagewa? Zuwa yaushe?"

"Ba a ɗage ba. Yanzu ake yi."

"Yanzu ɗin yaushe?"

"Yanzun nan da kake tsaye! Ga baƙuwar!"

Aka yi ta kallonta, wani tsoho har ya matso ya gaishe ta sau biyu don ya tabbatar. Aka jera buhunan masara uku ta hau, mai magani ya miƙo mata lasifikarsa bisa sharaɗin a ambaci sunan shagonsa a ƙarshe. Ta yi bayanin darussan da dole yaro ya ci, da bambancin jami'a da kwalejin ilimi da ta kimiyya da ta aikin jinya. Ta ja kunne cewa sunan yaro ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Nan wani uba ya gano cewa ɗansa Mas'ud ne a makaranta, Mas'udu a katin ɗan ƙasa, Babangida a takardar haihuwa, ya tambaya ko ukun duka za su iya nema, a ga wanda za a ɗauka. Wani ya tambaya ko jami'a na ba da hutun girbi. Wani mai awon gero ya ɗaga mudu ya ce, "Hajiya, mi yaro zai karanta ya zama shi ne mai ɗage ranakun nan? Shi nike so nawa ya yi."

Sai Malam Gide ya ɗaga sandarsa. Tambayar da ya yi kwana tara yana riƙo ke nan. "Ɗiyata ta ce likitan shanu take son zama. Mace na yi? Kuma shekara nawa?"

Dakta ta ce mata na yi, ta faɗa masa shekarun, ta ce karatu ne mai tsawo. Kafin ya ce wani abu, wani dillali da ya ji ana ta cewa Dakta ya kutso da saniya mai ɗingishi, ya ce a taimaka a duba. Dakta Saudatu ta ce ita fa a fannin tarihi ta yi digirinta. Dillali ya ce ba komai, ta duba hakanan. Zulfa, wadda ta biyo su daga makaranta tare da sauran 'yan ajinsu, ta miƙa wa ƙawarta jaka, ta ce a riƙe mata kan saniyar. Ta shafa ƙafar tun daga sama tana yi mata magana, ta ɗaga kofaton, ta zaro guntun ƙusa da ya maƙale a tsakani. Ta ce a wanke da ruwan gishiri, a kai ta wajen malamin dabbobi a yi mata allura. Dillali ya ƙara wa saniyar kuɗi nan take. Malam Gide ya karɓi takarda ɗaya daga hannun Dakta, ya ninke ta huɗu ya sa cikin hula.

Washegari takarda ta iso daga ofis, wadda ta kwana biyu a hanya. An umurci makarantu su dakatar da duk wani taron iyaye sai mako mai zuwa. Alhaji Nata'ala ya ce a jefa ta a durowa. Malam Yahuza ya ce takarda takarda ce, ya hau babur ya sanar da ƙauyuka bakwai cewa taron da aka yi jiya an ɗage shi zuwa Laraba. A wannan karon, da yake maganarsa ta taɓa zama gaskiya a gaban kowa, iyaye fiye da ɗari suka zo, alhali an riga an mai da kujeru. Suka zauna a ƙasa, shi kuma ya maimaita jawabin Dakta kalma da kalma, har da sunan shagon mai magani.

Zulfa ba ta samu gurbin likitan dabbobi a shekarar farko ba, makinta bai kai ba. Ta shiga kwalejin aikin gona tana karanta lafiyar dabbobi, tana kuma shirin sake jarrabawar. Yara shida daga ajin suka wuce gaba, abin da makarantar ba ta taɓa gani ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce da ya zauna gaban kwamfutar gaske, abin da ya ba shi tsoro shi ne da ya danna sai ta amsa.

Bara aka yi wa Malam Yahuza walimar ritaya. Aka yanka rago, aka yi jawabai, malamai suka ba shi fanka mai aiki da hasken rana. Bayan mako ɗaya aka gano an yi kuskure a lissafin shekarunsa, saura biyu. Ran Litinin ya dawo aiki da fankar ɗaure a bayan babur, ya ce tunda bai tafi ba, bai ci kyautar ba tukuna. Alhaji Nata'ala ya ce ragon fa? Suka daɗe suna shawara, a ƙarshe aka ajiye fankar a ɗakin malamai, da sharaɗin ta fuskanci teburinsa.